Waƙa a Bakin Mai Ita ta fi Daɗi: To, Wa ke da Ita?

Masu gabatar da shirye-shirye a gidajen rediyon Maraɗi sun mayar da wannan karin magana mabuɗin hira. Da baƙo ya zauna, likita ne ko ɗan kasuwa ko shugaban ƴan kabu-kabu, sai a ce masa, “Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, bismilla.” A nan babu gardama. Gardamar ta tashi ne a wata fada da ke unguwar Zariya, inda aka ɗora maganar a kan waƙa ta gaske, mai kiɗa da amshi, aka kuma nemi a yanke hukunci da ita.

Mutum huɗu ne ke haɗuwa a fadar bayan sallar lisha, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke cin abinci da waƙa. Akwai tela mai ƙaramin piyano da yake ajiyewa a ƙarƙashin teburin yanka. Akwai malamin lakwal, wanda kowa ke kira Mushe, shi ne mai rubuta baitoci a bayan littafin shirya darasi. Akwai saurayi ɗan kabu-kabu, murya gare shi kamar me. Na huɗun dattijo ne daga Jiratawa da ke kawo zogale kasuwa. In dare ya yi masa sai ya kwana gidan ƙanensa, ya zo fada da gurminsa a rataye.

Da aka sa ranar auren ƙanwar telan a Tibiri, sai suka ce gudunmawarsu waƙa ce. Mushe ya rubuta baiti bakwai, har da tarihin yadda Gobirawa suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, don dangin ango su ji an san su. Ranar wuni saurayin ya rera, aka saurara cikin ladabi, aka tafa. Amma da maza suka fita salla, mata suka kifa ƙwarya a ruwa suka ɗauki amshin. Suka watsar da tarihin gaba ɗaya, suka saka sunan kakar amarya da na gwaggonninta, suka ƙara habaici guda ga uwar miji, suka gaggauta kiɗan. Wata yarinya ta ɗauka da salula. Kafin a kai amarya, abin ya zagaya WhatsApp, kuma wanda ake turawa na matan ne, ba na Mushe ba.

“Mushe, waƙarka ta yi kasuwa,” in ji telan yana zuba shayi na biyu.

“Wace waƙata? Sun sare mata ƙafafu. Ai Hausawa sun gama magana, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Da sun bari an ji ta yadda aka rubuta.”

Dattijon bai ɗaga kai daga ɗaurin tsirkiyar gurminsa ba. “Ɗana, amshin nan da kake wa kuka, ina ka samo shi?”

Mushe ya yi shiru, sannan ya ce tsohuwarsa ce ke yin wani abu mai kama da shi in tana daka, shi gyara shi kawai ya yi. Karin muryar kuwa kowa a fadar ya san daga gurmin dattijon ya fito, telan ya ɗora shi a piyano.

Kafin a yi wa malamin dariya, ya kamata a ba shi haƙƙinsa, domin karin maganar ba ƙarya ba ce. Mamman Shata ya rasu tun 1999, kuma har yau akwai masu kwaikwayonsa a gidajen biki daga Katsina zuwa Maraɗi, wasu da murya mai ƙarfi, wasu da kalangai masu kyau. Duk da haka ko yaro ya ji ya san ba shi ba ne. Haka abin yake a filin kokowa. Kantu, ɗan Maraɗin da ya fara ɗaukar takobi a Tawa a 1975, wanda filin kokowar birnin ke ɗauke da sunansa, ya bar magada masu yawa. Duk wanda ya taɓa zama a filin ya san kirarin da ɗan kokowa ke yi wa kansa, yana nuna ƙasa da yatsa, jijiyar wuya a tashe, ba ya maimaituwa a bakin ɗan kallo. Kalmomin ɗaya ne, amma wanda zai shiga ya kama ƙugu shi kaɗai ke iya faɗinsu a ji tsoro.

Sai dai nawa ne daga cikin waƙoƙin ƙasar Hausa ke da mai su guda ɗaya tak? Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, gadon kiɗa ya yi a gidansu, ya yi amshi kafin ya yi jagora, kuma duk wanda ya saurari faifansa da kyau zai ji ƴan amshi ne ke karɓe magana daga bakinsa su kai ta ƙarshe. A cire su, rabin daɗin ya tafi. Sa’adu Bori, ɗan ƙasar Maraɗi da waƙarsa Dango ta cika Kano da Katsina, wanda ya fitar da faifan Niamey Twice tare da Musa Pusi a 1994, daga kiɗan bori ya ɗebo, kiɗan da a Maraɗi yake ƙarƙashin sarautar Iya, a Tibiri ƙarƙashin sarautar Inna. Masu goge da ƴan ƙwarya nawa suka bi ta kan waɗannan kaɗe-kaɗe kafin su iso gare shi? Babu mai cewa waƙoƙinsa ba nasa ba ne. Babu kuma mai cewa daga sama suka faɗo masa.

Misalin da ya fi kowane kusa da fadar Zariya shi ne samariya, kuma dattijon Jiratawa ɗanta ne. Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, gwamnatinsa ta farfaɗo da tsohon tsarin samari na gargajiya ta shimfiɗa shi a kowane gari da kowace unguwa, da sarkin samari da muƙarrabansa. A lokacin, samariya ce ke gayya, ita ke shara, ita ke gina aji, ita ke tarbar manyan baƙi. Daga 1976, lokacin da aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a Damagaram, sai waƙa da rawa da wasan kwaikwayo suka zama abin gasa. Ƙauye ya kara da ƙauye, wanda ya ci ya je gunduma, daga nan jiha, daga jiha zuwa babban taro, wanda ya riƙa zagaya manyan biranen ƙasar shekara bayan shekara.

Yadda ake haɗa waƙar shi ne abin lura. Dattijon ya kwatanta musu shi dalla-dalla. Ana taruwa a dandali bayan cin tuwo, da fitila ɗaya. Sarkin samari ya faɗi abin da ake so a bana: dashen itace, ko haɗin kan ƙasa, ko jan kunnen samari masu tafiya biɗa su bar gona. Ba abin mamaki ba ne batun itace ya yi yawa, tunda a Maraɗi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a watan Mayun 1984. Wani ya jefo magana. Wata budurwa ta ce ba ta hau kiɗa ba, ta juya ta. Makaɗin kalangu ya ce a rage gaɓa ɗaya. Tsofaffin da ke zaune a gefe su ce wannan kalma ta yi nauyi, kar a faɗe ta gaban baƙi. Malamin lakwal na garin, shi ne mai alƙalami, ya rubuta abin da aka tsaya a kai, gobe kuma a sake rushe shi. Ƴanmata goma sha wani abu su yi ta maimaitawa har muryoyinsu su zama ɗaya, iyayensu mata na leƙowa ta kan darni suna gyara musu taku. Wadda ta fi zaƙin murya ita ake ba jagora, ko da ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. In an ci gasa, Muryar Sahel ta sa waƙar, mai gabatarwa ya ce ga samariyar gari kaza. Sunan gari ake faɗi. Kuma har yau akwai matan da suka yi jikoki a Jiratawa da Tibiri da Madarumfa waɗanda, in aka taɓo ɗaya daga cikin waƙoƙin nan, kowace za ta ce “waƙarmu,” ta kuma rantse a kan haka ba tare da ta yi kaffara ba.

In haka ne, ashe matan Tibiri ba sata suka yi ba. Abin da iyayensu suka saba yi suka yi. An kawo musu kaya har gida, suka ɗauki abin da ya dace da bikinsu suka bar saura. Tarihin Gawakuke yana da kyau a littafi, amma matar da ke aurar da jikarta sunanta take so ta ji an kira a tsakar gida. A wannan yammaci, a wannan gida, su ne masu waƙar, kuma a bakinsu ta fi daɗi. Karin maganar da Mushe ya ɗauko don ta kare shi, ita ce ta ba su gaskiya.

Da an tsaya nan da an huta. Amma akwai abin da dattijon bai faɗi ba sai da aka matsa masa. A kowace samariya akwai mutum ɗaya ko biyu da kowa ya san su ne ƙashin bayan waƙar, waɗanda in ba su zo dandali ba a ranar ba a tsinana komai. An yi ta sa waƙoƙinsu a rediyo shekara da shekaru, manya sun sha tafi a kansu, su kuwa ko dala ba su gani ba, sunansu ma bai fita daga ƙauye ba. “Waƙarmu” kalma ce mai daɗi, amma sau da yawa wanda ya fi kowa wahala shi take binnewa. Ba banza ba, da aka fara gasar waƙa ta Ɗan Gurmu a 1987, mawaƙan zamani suka riƙa fitowa da sunayensu, kuma a 1995 aka kafa ofishin kare haƙƙin mawallafa na Nijar, wato BNDA. Mutane sun gaji da yin gayya a gonar da ba a kiran su ranar girbi.

Yau abin ya fi tsanani. Don a ɗauki waƙar tasu, telan ya biya kuɗin sitidiyo daga cinikin ɗinkin salla, har maiɗakinsa ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Masu tura waƙoƙi a salula a bakin kasuwa kuwa su ke karɓar ƴan kuɗin, kuma fayil ɗin da suke turawa ba ya ɗauke da sunan kowa. Da samariya, aƙalla ana faɗin sunan gari.

Sai saurayin ɗan kabu-kabu ya kawo abin da ya dagula lissafin duka. Shi murna yake da na matan ne ya bazu. “Baba, ni da muryata ce ta zagaya, da yanzu ina kwana waje. Tsohona cewa yake mu ba mu gaji roƙo ba.” Wannan ba baƙon zance ba ne a Maraɗi, birnin malamai da alhazai ƴan kasuwa, inda gidaje da yawa ke ganin waƙa sana’ar maroƙa ce, wasu kuma na ganin ta saɓa wa addini. Ga irin wannan yaro, rashin suna sutura ce. Haka ma tsohuwar Mushe. Da za a je a ce mata za a rubuta sunanta a takarda a matsayin mai amshi, a karanta a rediyo, da salati za ta yi ta ce a rufa mata asiri. Waƙoƙin daka da na niƙa da na reno da yawa sun rayu ne don masu su sun ɓoye a cikin taro, suka faɗi abin da ba su isa su faɗa da sunansu ba.

To, wa za a bi? Mai son a san shi da mai son a ɓoye shi suna shan shayi a buta ɗaya, kuma waƙa ɗaya suka yi. In aka ce kowace waƙa sai da mai ita a rubuce, an kashe irin abin da ya faru a tsakar gidan Tibiri, domin ba wanda zai nemi izini kafin ya kifa ƙwarya. In kuma aka ce waƙa ta kowa ce, Mushe zai rufe littafinsa wata rana ya ce ya gaji, matan kuma ba za su sami abin juyawa ba a biki na gaba. Masu cewa al’ada ta wadatar sun manta cewa al’adar tana da ladabinta: makaɗan da suka san abin da suke yi sukan ambaci wanda ya koya musu, su yi masa addu’a a tsakiyar waƙa kafin su wuce. Wannan ladabi ne salula ba ta da shi, masu turawa kuma ba su damu su koya ba. Yarinyar da ta ɗauki hoton ba ta yi laifi da ta ɗauka ba, amma layi ɗaya a ƙasa, cewa ƴan fadar Zariya ne suka kawo waƙar mata suka ƙawata ta, ba zai ci mata ko dala ba.

Ko wannan ɗin ma zai gamsar da malamin? Da wuya. Sunansa yake so, ba sunan fada ba, kuma baitocinsa bakwai yake so a ji, alhali jama’a sun riga sun zaɓi na matan. Babu ofishi a Yamai da zai iya tilasta wa matan Tibiri su rera tarihin da bai hau ƙwaryarsu ba, babu kuma dattijon da zai iya lallashin mai alƙalami ya daina jin zafi in an yanke masa baiti.