Ƙaddara da Haƙƙin Maƙwabci a Lokacin Marka

Duk shekara idan marka ta kankama a watan Agusta, a ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Watari a ƙaramar hukumar Bagwai, ba a rasa gidan da katangarsa ta zube ko ruwa ya kwana a tsakar gidansa. Masu jaje sukan ce ƙaddara ce, kuma gaskiya suka faɗa, domin babu ɗigon da ke sauka sai da izinin Allah. Sai dai kalmar da ta dace a bakin mai jaje ba ta dace a bakin wanda ya jawo ɓarnar ba. Kududdufin da kakanni suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini shi ne a da ke shanye ruwan unguwa. Yau an cike shi an yanka filaye, wani ya ja katanga a kan kwata, wani ya juya indararonsa yana zuba a gindin ginin maƙwabci, leda kuma ta toshe abin da ya rage. Ruwan da aka hana hanyarsa gidan mai ginin ƙasa yake faɗawa.

Magabata ba su fahimci ƙaddara a matsayin naɗe hannu ba. Lokacin da annoba ta ɓarke a Sham, Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga wani wuri da ake kira Sarg a kan hanyarsa ta zuwa can. Da Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne, sai Umar ya nuna masa cewa komawar ma tana cikin abin da Allah ya ƙaddara. Annabi Nuhu ya san ruwan ɗufana hukuncin Allah ne, amma an umarce shi ya sassaƙa jirgi tun ƙasa tana busasshiya. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, hana cutar da maƙwabci ƙa'ida ce tabbatacciya, kuma wanda ya yi sababin ɓarna da ta'adi ko sakaci akwai lamuni a kansa. Ban ga abin da zai fitar da mai toshe magudana daga wannan hukunci ba.

Wani zai ce akwai ruwan da ya fi ƙarfin kowace kwata. Haka ne, kuma a nan babu abin da ya rage sai haƙuri da taimakon juna. Amma ko manyan ambaliyoyin da ake kafa hujja da su, kamar ɓallewar madatsar Bagauda a 1988 da ta Alau da ta mamaye Maiduguri a Satumbar 2024, sun faru ne a gine-ginen da mutane suka yi, aka kuma damƙa wa mutane amanar kula da su. Wani kuma zai ce gina lambatu aikin gwamnati ne, talaka ba shi da kuɗin siminti. Wannan hujja tana da nauyi, kuma shugaban da ya ji hasashen yanayi na hukumar NiMet tun farkon shekara bai motsa ba, za a tambaye shi. To amma laifin shugaba ba ya wanke wanda ya cike kududdufi don ya sayar da fili, kuma yashe kwata da aikin gayya shebur da fartanya kawai yake buƙata.

Ina kira ga limamai su sa wannan magana a huɗuba tun da bazara, dagatai da masu unguwanni kuma su ƙi shaidar cinikin duk filin da ke kan hanyar ruwa.