Gaisuwa Kafin Sadaka

Ga tambayar da ta cancanci mu yi tunani a kanta: idan muka jefa wa makaho ko gurgu kuɗi a kwano muka wuce, mun sauke nauyin da ke kanmu ke nan?

A kasuwar Rano, a tashar mota, da kan hanyar Kibiya, kullum muna haɗuwa da naƙasassun da ba mu sani ba. Jama'armu, Kirista da Musulmi, ba su da rowa. Amma sau da yawa hannu yana bayarwa, ido kuwa yana kallon wani wuri. Mukan gai da baƙo har mu tambayi iyalinsa da gajiyarsa, amma mu hana makaho ko da "sannu, Malam". Wani lokaci ma ɗan jagora muke yi wa magana, sai ka ce uban ba ya nan. Mai irin wannan sadaka ya sayi kwanciyar ransa ne kawai, wanda aka ba kuwa ya tafi da kuɗi da wulaƙanci tare. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Mu duba Bisharar Markus, sura 10. Makaho Bartimawus yana bara a bakin hanyar Yariko, jama'a suna tsawata masa ya yi shiru. Ubangijinmu ya tsaya, ya sa a kira shi, sa'an nan ya tambaye shi abin da yake so. Ai buƙatar makaho ba ta ɓoyu ga Yesu ba. Ya tambaya ne domin ya mayar wa mutumin muryar da jama'a suka ƙwace masa. Littafin Firistoci, sura 19, ya hana zagin kurma da sa wa makaho abin tuntuɓe. Laifuffukan nan biyu, wanda aka yi wa ba zai san mai yin su ba. Saboda haka a nan ake gane mai tsoron Allah na gaske.

Wani zai ce gaisuwa ba ta cika ciki. Gaskiya ne, kuma kada kowa ya janye hannunsa daga sadaka. Sai dai wanda ya tsaya ya tambaya shi ne yake gano ainihin buƙata. Watakila makahon yana so ne a gaya masa akwai lambatu a gabansa. Kada ka ja shi da sandarsa, bari shi ya riƙe hannunka. Kurma yana so ka fuskance shi, ka yi magana a hankali ko da hannu. Mai keken guragu yana so ka nemi izininsa kafin ka tura shi. Direba kuma ya yi haƙuri har ya gama shiga mota.

Mu tuna cewa naƙasa ba horon Allah ba ce. A shekarar 2003 an dakatar da rigakafin shan inna a Jihar Kano, aka koma yi a 2004, kuma sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Yaran da ta kama a wancan lokaci yau samari ne da 'yan mata. Wasunsu a birnin Kano suna ƙera kekunan guragu da hannunsu, suna ciyar da iyali.

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashigarsu. Wa'adin ya wuce. Mu dubi matakalar majami'unmu: gurgu zai iya shiga Misa ba tare da an ɗauke shi kamar kaya ba?

Doka tana iya sa a gyara matakala, amma ba ta iya tilasta mana gaisuwa. Wannan ya rage tsakaninmu da Allah. A makon nan, kafin ka miƙa hannu, tsaya, gai da shi, tambayi sunansa. Ubangiji ya ba mu ikon aikatawa. Amin.