Abin da Ke Rubuce a Bangon Fayil

A bangon fayil ɗin gwamnati akwai wasu layuka da ba kowa ke kula da su ba. Gurabe ne na rubuta wanda aka aika wa fayil ɗin, da shafin da ake so ya duba, da ranar aikawa, da ɗan sa hannun mai aikawa. A ciki kuma kowace takarda tana da lambarta a kusurwar sama, an huda ta an zura mata igiya, ta yadda in aka zare shafi na 14, duk wanda ya buɗe zai ga daga 13 an tsallaka 15. A rajista akwai littafin shige da fice, kuma bisa ƙa'ida masinja ba ya fita da fayil sai an shigar da shi. Duka kayan aikin ba su wuce biro da igiya da littafi ba.

Wanda ke son sanin halin ofis ya duba bangon nan. A wani wuri za ka tarar an cike layukan tsaf, kana iya bin sawun fayil daga teburin akawu har zuwa na babban sakatare. A wani wurin kuwa bangon fes yake, alhali fayil ya sha hannu har ya yi laushi. Ya yi ta yawo ba wanda ya rubuta inda ya je. Irin wannan ne ake wayar gari a ce ya ɓace, a buɗe na wucin gadi, na wucin gadin ma ya bi sahu.

An saba ɗora laifin a kan rashin kabad, da gara, da rufin da ke yoyo. Duk akwai su. Amma ni a ganina fayil yakan ɓace tun kafin gara ta kai gare shi, tun daga ranar da oga ya kira na ƙasa da shi ya ce, "Je ka yi kawai, ba sai an rubuta ba." Umarnin baki yana da sauri, kuma yana da daɗi ga mai ba da shi, domin in abu ya ɓaci babu sa hannunsa a ko'ina. Ƙaramin ma'aikaci da ya nemi a rubuta masa sai a ɗauke shi mai taurin kai. Da ya gane haka, shi ma ya daina rubutawa. Abin takaici ne a ƙasar da yaro ke tashi da sanin cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu.

Akwai kuma ma'aikacin da ya mayar da abin da ya sani jarinsa. Shi kaɗai ya san inda fayilolin filaye ko na kwangila suke, yana kulle su a durowarsa, makulli a aljihu. Ranar da ya tafi jana'iza ƙauye aiki ya tsaya. Ban cika ganin laifinsa shi kaɗai ba, don ya lura cewa a ofishinsu wanda ake nema ake girmamawa, wanda ya tsara aikinsa har kowa ke iya ɗauka kuwa ba a ko tuna shi lokacin ƙarin girma. In an yi masa canjin wurin aiki, takardar miƙa aiki da zai bari ba ta fi rabin shafi ba. Rajistar kanta a wurare da dama can ake tura wanda ake fushi da shi, ɗaki mai duhu a ƙarshen baranda.

Wanda ke ɗanɗana kuɗar wannan shi ne dattijon da ya yi shekara 35 yana aiki. Ranar tantance 'yan fansho za ka gan shi da leda a hammata, a ciki takardar kama aiki da ta koma ruwan ƙasa, an lanƙwasa ta har ta tsage a tsakiya an liƙe da salatif, da ta ƙarin girma na ƙarshe, da ta ritaya. Ofishin da ya ba shi takardun ne ya kamata ya riƙe kwafinsu, amma yau shi ake tambaya. In gobara ko ambaliya ta taɓa ratsa gidansa, garatutinsa ya shiga rububi.

Doka ba ta yi shiru ba. Ma'aikatan Najeriya sun daɗe ƙarƙashin dokar sirrin gwamnati ta 1962, wadda ta koya musu cewa kama baki ne mafita. A 2011 aka sa hannu kan dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta wajabta wa hukumomi adana bayanan ayyukansu, ta ba su kwana 7 su amsa wa mai nema, ta kuma sa lalata takarda da gangan ya zama laifin ɗauri. Sai dai hukumar da ba ta rubuta ba, ba ta da abin da za ta miƙa ko an ba ta shekara.

Kwamfuta ma halin masu ita take ɗauka. Wanda ke kulle fayil a durowa yanzu a kwamfutarsa ta gida yake ajiye shi. Umarnin baki ya koma saƙon murya a WhatsApp, wayar ta faɗa ruwa, maganar ta tafi ke nan.

A reshen Kaduna na gidan adana takardun tarihi na ƙasa, gidan da aka assasa a 1954 bisa ƙoƙarin masanin tarihi Kenneth Dike, manazarta na zaro rahotannin haraji na gundumomin Kano da Sakkwato da Zariya da suka haura shekara ɗari. Turawan mulki sun rubuta ne don amfanin kansu, amma kowane jami'i ya san za a ɗauke shi, kuma na bayansa da fayil zai yi aiki.

Don haka kirana ga daraktoci da manyan sakatarori ne, tunda na ƙasa ku suke kallo. Ku rubuta umarninku ku sa hannu. Kada ku sallami wanda aka canja wa wurin aiki sai kun karanta takardar miƙa aikinsa. Ku tura ƙwararru rajista, kuma ku riƙa leƙa ta da kanku ko sau ɗaya ne a wata.