Idan Mantuwa Ta Riga Tsufa Zuwa

'Yan'uwa mata, mun saba da gigin tsufa, amma cutar mantuwa kan kama mutum tun bai kai shekara 65 ba. Matar da likita Alzheimer na Jamus ya fara gano cutar a jikinta, shekarunta 51 a 1901. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa, ba ganganci ba ne.

To, uwar da ta manta sunan ɗanta, ta zargi 'yarta da sata, mai laifi ce? Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, mu kuwa ba a ɗauke mana ba. Haƙƙinta na nan a wuyanmu. A kai ta asibiti, kar a kulle ta a ɗaki don kunyar maƙwabta. Allah Ya ba mu haƙurin jinya.