Tuban Mashayi Da Aikin Hannu

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, babu mai jayayya a kan haramcin giya da dukkan abin da ke gusar da hankali, domin aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ta riga ta yanke magana. Abin dubawa shi ne halin yaron da ya tuba. Ya bar ƙwaya, ya bar sholisho, sa'an nan gari ya waye ba shi da wurin zuwa, alhali abokan shansa na nan bakin kasuwa suna jiransa. Tuban da ba a cika wuninsa da aiki ba, da wuya ya daɗe.

Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani mutumin Madina ya zo roƙo wurin Manzon Allah (S.A.W.). Sai ya sayar da shimfiɗar mutumin da akushinsa dirhami biyu, ɗaya na abincin iyali, ɗaya na gatari. Shi da kansa ya sa masa ƙota, ya tura shi itace, ya yanka masa kwana 15. Mutumin ya komo da dirhami 10. Ku lura: kayan aiki aka ba shi, da wa'adi, da wanda zai komo ya gaya wa abin da ya samu.

Mu a Garun Mallam ba mu da hanzari. Tun da aka gama madatsar ruwan Tiga a 1974, ruwa ke isa Kadawa da Kura da Bunkure rani da damina. Ga dashen tumatir, ga ban ruwa, ga yankan shinkafa, ga lodin kwanduna a Kwanar Gafan. Amma mai gona da zarar ya ji yaro ya taɓa sha, sai ya kau da kai. Shin mun fi Annabi tsantseni ne? Buhari ya ruwaito ya hana a la'anci sahabin da aka sha kawowa saboda giya, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa.

Sai dai a yi hattara. Da yawan leburori a gona suka koyi shan tiramadol, don su yi aikin mutum biyu a wuni ɗaya. Wanda ya ɗauki mai tuba, kada ya ba shi jingar da ta fi ƙarfinsa. Ya haɗa shi da dattijo mai salla, ya bar shi ya huta da azahar, ya biya shi a ranar. In kuwa jikinsa na rawa ko barci ya gagare shi, asibiti za a kai shi tukuna, gona ta jira.