Birkila da Ƙarfen Ƙwaurinsa

An yi wani birkila a Kano, matashi ne da 'yan kwangila ke rububinsa saboda hannunsa na da kyau, kuma ba ya ha'inci a kwaɓin siminti. Ran nan suna aiki a wani bene a Rijiyar Zaki, katakon da ya taka ya goce, ya faɗo, ƙwaurinsa na dama ya karye. Abokan aiki suka ce a nufi gidan mai ɗori. Kawunsa da ya ga yadda ƙafar ta juya, sai ya ce a'a, Dala za a kai shi. Asibitin ƙashi na Dala tun 1959 yake wannan aiki.

Aka ɗauki hoto, aka shiga da shi tiyata. Likitoci suka daidaita ƙashin, suka kwantar masa da wani siririn ƙarfe mai huda-huda, suka ɗaure da kusoshi takwas. Ranar sallama likitan ya zauna bakin gadonsa ya ce, "Malam, ƙarfen nan ba shi zai warkar da kai ba. Riƙe ƙashin kawai yake yi, jikinka ne zai yi ɗorin. In kun zuba dekin, yaushe kuke cire gorar da kuka tokare shi da ita?"

"Ranka ya daɗe, sai an yi sati uku, wani lokacin huɗu."

"In mai gida ya matsa a cire ranar bakwai fa?"

"Sai in ce ya nemi wani birkilan."

"To, ka riƙe wannan amsa taka. Ƙwaurin babban mutum yakan ci wata huɗu zuwa shida kafin ya haɗe, kuma bayan ya haɗe ma da sauran lokaci kafin ya yi ƙwari. Ba ma fara maganar cire ƙarfe sai an shekara, ko shekara da rabi, shi ma sai hoto ya nuna. Wani ma har ya koma ga Allah yana tare da nasa, bai taɓa damunsa ba."

Birkila ya ce ya ji. A wata na biyar ya jingine sanduna ya koma zaman majalisa, kuma majalisa ba ta rasa likita. Ƙwauri ba shi da tsoka ta gaba, don haka in ya shafa yakan ji gefen ƙarfen a ƙarƙashin fata, in hunturu ya kama kuma wurin yakan ɗan yi masa tsami. Kowa sai ya matso ya taɓa. Wani ya ce ai ƙarfe tsatsa yake yi a jiki, tsatsar ta bi jini. Wani ya ce in damina ta faɗi kada ya kuskura ya fita, ƙarfe na jawo tsawa. Duk zance ne. Abin da ake sa wa mutum a ƙashi ko dai ƙarfe ne na musamman da ba ya tsatsa, ko taitaniyom, kuma tsawa ba ta bin mutum don wani ɗan ƙarfe da ke cikin namansa. Amma maganar da aka yi ta nanatawa kowane dare takan fi wadda likita ya faɗa sau ɗaya nauyi a kunne.

Ga shi kuma an sa ranar aurensa. Sai magana ta iso masa cewa wata gwaggon amaryar tana tambaya, wai da gaske ne angon da ƙarfe yake tafiya? Wannan ce ta tsaya masa a rai.

A wata na bakwai ya koma Dala ya ce a cire. Likita ya sa aka sake hoto, ya ɗaga shi a haske ya nuna masa wani siririn layi. "Ka gani? Bai gama cikewa ba. Ka dawo bayan wata shida mu sake dubawa." Birkila ya fito ransa a ɓace. Wani abokinsa ya ce ya san inda za a yi masa a yini ɗaya. Suka je wani gida a bayan gari, suka tarar da wani mai farar riga. Bai nemi kati ba, bai nemi hoto ba, kuɗi kawai ya yanka. Birkila ya taɓa kuɗin lefe ya biya. Aka tsaga, aka kwance kusoshin, aka ɗinke, aka ba shi ƙarfensa a leda.

Da daddare ya kai shi majalisa ana ta juyawa. Ƙarfen na ƙyalli kamar ranar da aka sa shi, amma mai maganar tsatsa bai ce uffan ba, ba kuma wanda ya tuna masa. Kawu kuwa da labari ya je masa, sai ya dube shi ya ce, "Yaro, ka taɓa jin an ce sauri ya haifi nawa? Allah ya tsare."

Abin da mai farar riga bai gaya masa ba shi ne, ƙashin da ke ƙarƙashin ƙarfe yakan ɗan yi rauni, domin ƙarfen ne ke ɗaukar wani kaso na nauyin. Kowace ƙusa da aka zare kuma rami take bari, a ramin nan ne ƙashi ya fi saurin tsagewa. Ko wanda aka cire wa a kan kari, akan hana shi ɗaukar kaya da tsalle na kamar mako shida ko fiye. Birkila kuwa ɗinki na warkewa ya koma aiki, yana son mayar da kuɗin lefe. Ya saɓa buhun siminti, kilo 50, ya zo tsallake kwata, sai aka ji ƙas!

Da aka mayar da shi Dala, likitan bai yi masa faɗa ba. Ya dai duba hoton ya ce, "Sannu, Malam. Aiki ya koma ɗanye." A wannan karon doguwar ƙusa aka zura masa ta cikin ɓargo, dabarar da wani likitan Jamus, Gerhard Küntscher, ya fara amfani da ita a birnin Kiel a 1939. Aka ɗaga aure, damina guda ta wuce bai ɗora bulo ko ɗaya ba.

A gadon da ke kusa da nasa akwai wani dattijo da za a cire wa ƙarfe a cinya. Birkila ya ce, "Baba, kai ma gajiya ka yi da shi?" Dattijon ya ce, "Ina fa, ɗana. Ni tuntuni ya kamata in zo." Ashe wurin ya daɗe yana tsattsafo da mugunya, shi kuma yana ta sayen kafso a kemis, ya lafa ya dawo. Ƙwayoyin cuta in suka samu ƙarfe sukan manne masa su yi wa kansu wani yauƙi da magani ba ya ratsawa sosai, shi ya sa in ƙashi ya riga ya haɗe akan fitar da ƙarfen a wanke wurin. Da ya zo da wuri, da ba a kai ga kankare masa ƙashi ba.

Akwai lokacin da ake cire ƙarfe, babu shakka: in wurin ya ruɓe, in ƙarfen ya karye ko ya yi sako-sako, in yana sukar fata ko yana hana gaɓa motsi, da kuma sau da yawa a yaran da ƙashinsu ke girma. Kai da ke da shi a jiki, ko kake jinyar mai shi, ka adana katin asibiti da hotunan ƙashin, ka koma ranar da aka ce ka koma. In kuwa ka ga kumburi, ko zazzaɓi, ko ruwa na fita daga wurin ɗinki, kada ka jira ranar, ka je a wannan makon.