Shirun Yaro Lafiya Ce?

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, amma anya wannan magana ta hau kan yaron da bai iya faɗin damuwarsa ba?

Akwai wani sinadari a jikin ɗan Adam da ake kira kotizol, wanda kan ƙaru in hankali ya tashi. A bisa al'ada yakan yi yawa da safe, sa'an nan ya yi ta raguwa har dare. A shekarar 2003, Megan Gunnar ta Jami'ar Minesota a Amurka da abokan aikinta suka buga sakamakon awon wannan sinadari cikin yawun yara. A gidan reno, kashi 71 cikin ɗari na yaran da suka fara tafiya nasu ƙaruwa ya yi da rana ta yi nisa, alhali a gida na yawancinsu raguwa ya yi. Masu tsoron shiga cikin tsaransu kuwa, nasu ya fi hauhawa.

Ka ga ke nan, ya mai karatu, yaron da ya raɓe a lungu muna yabonsa da kunya, wataƙila shi ya fi bukatar a ɗauke shi. Mai kuka kan sami lallashi, mai shiru sai a manta da shi. Wannan ba hujjar zargin uwar da ta fita neman halaliya ba ce. Tambaya ce ga duk mai reno: adalci shi ne a yi wa yara ashirin abu guda, ko a ba kowa kulawa gwargwadon halinsa? Ni dai na biyun na zaɓa. Allah ya sa mu gane, amin.